Na Hau Soro Ina Takaba

Maigidana magini ne. A shekarun da samarinmu suke dawowa daga yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, da wuya ka ratsa unguwa a Azare ba ka ga soron da ya sa wa hannu ba. Duk rani yana kan rufin mutane, yana yaɓe, yana gyara indararo, namu kuwa kullum shi ne na ƙarshe. A shekarar da nake ba da labarinta ma haka ya yi. Ya tara ƙasa a tsakar gida, ya kwaɓa ta da yankakkiyar ciyawa da kashin jaki, ya lulluɓe ta da tsohon zana don ta ruɓa, ya ce ran Asabar zai hau. Kafin Asabar ɗin sanƙarau ya kama shi. Ƙasar tana nan a lulluɓe aka fita da shi.

Ya bar ni da 'ya'ya uku, da tsohuwarsa da muke kira Inna, da soro guda. Wanda ya tashi a zamanin kwano ba zai gane abin da nake nufi ba. Ƙasarmu rairayi ce, yawancin mutane a ɗakin jinka suke kwana. Shi da jakinsa suka yi ta jigilar laka daga kududdufi har ya ɗora wannan soro, kuma a cikinsa na haifi autana. Ina son ɗakin nan, ba na ɓoyewa.

Ruwan farko da aka yi, ina cikin takaba, sai na ji ɗis a kusurwar gabas. Na sa ƙwarya. Ruwa na biyu ya cinye mini ƙore har da tukunyar miya. Matar magini ta san ma'anar wannan. In ruwa ya samu hanya ya kai ga azara, ƙasar rufin sai ta sha ta yi nauyi, wata rana kana zaune ta sauko maka gaba ɗaya.

Na aika wa wan mijina. Mai sayen fatu ne a kasuwa, Yaya nake ce masa, kuma shi ne waliyyin marayun. Abokan aikin marigayi sun so su zo su gyara, amma babu namijin da zai shiga gidan mai takaba sai da yardar waliyyi. Yaya ya ce gobe. Goben ta zo ya ce jibi. Sai wata safiya ya shigo, ya zauna a ƙofar ɗakin Inna, ya ba ni baya, yana magana da uwarsa da muryar da aka yi don ni in ji.

"Inna, gyaran soron nan ɓata ƙarfi ne. Yarinya ce, ba za ta riƙe gida ba. In ta fita takaba ta koma wurin iyayenta a Bulkachuwa da na goye. Babban ni zan ɗauka. Macen kuma gwaggonta ta Giyaɗe ta ce a ba ta. Ke ki dawo wurina."

Ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya. Haka ake yi a lokacin, ana raba marayu kamar yadda ake raba kayan ɗaki, kuma a ganinsa taimako yake yi. Amma ni da na ji an kasa 'ya'yana kashi uku ina zaune da raina, ban iya haƙura ba.

An ce mai takaba ba ta ɗaga murya. Daga bayan asabari na ce, "Yaya, in ɗakin bai faɗi ba fa?"

Ya yi 'yar dariya ta hanci. "In soron nan ya ga kaka a tsaye, ki zauna da 'ya'yanki, ba ni ba raba ku. Inna shaida ce."

Ya faɗa ne don ya san ba zai ga kaka ba. Ni ma na sani, in dai an bar shi yadda yake.

Bayan fitarsa na je na ɗaga zanan nan. Ƙasar ta ruɓa yadda ake so, warinta ya bugi hancina, warin da na saba ji a jikin rigarsa. Ga tsaninsa jingine a bayan rumbu. Ga kaskon da muke hayaƙi.

Sai na yi bayanin hayaƙin nan, don shi ne sirrin aikinsa. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Maigidana yakan ce wannan magana rabinta ce gaskiya: mai ɗaki ya san inda ruwa ke ɗiga, amma bai san ta inda ya shigo ba. Ruwa yakan shiga ta tsagar da ba ta fi gashi kauri ba, ya bi azara ya yi tafiyarsa, ya je ya ɗiga a wani wuri daban. Wanda ya yaɓe saitin ɗigar ya yi aikin banza. Shi kuwa sai ya sa a zuba ƙaiƙayi mai laima da ɗanyen ganye a kan garwashi cikin kasko, a ajiye a tsakiyar ɗaki, a toshe taga da tsumma, a rufe ƙofa da zana da jiƙaƙƙen zane. Sai ya hau sama ya jira. Duk inda ruwa ke shiga, ta nan hayaƙi ke fita. Shekara da shekaru ni ce mai kaskon a ƙasa. Ban taɓa ganin yadda abin yake daga sama ba, don mace ba ta hawa soro.

Na sami Inna tana kaɗi. Na durƙusa na gaya mata abin da ke raina. Ta ci gaba da juya mazarinta. Wanda ya gina ɗakin ɗanta ne, wanda ke jira ya faɗi ma ɗanta ne.

"Ke 'yar nan, kin san za a yi da ke a gari?"

"Na sani, Inna."

"Da ni ma za a yi."

Ta ajiye mazarin, ta dafa gwiwa ta miƙe. "Ni idona ya mutu, ba na ganin abin da ke sama da kaina. Ina kaskon?"

Da hantsi muka fitar da yara da tabarmi, muka tura su gidan maƙwabciyata, wata Babarbariya mai tuyar ƙosai da ba ta da tsoron bakin kowa. Ita ta miƙo mini tukunyar makuba ta kan katanga, jiƙon ɓawon ɗorawa da ake shafawa a kan yaɓe don ruwa ya riƙa zamewa. Inna ta tayar da hayaƙi, muka toshe ko'ina. Na ɗaure zanena tamau, na jingina tsani.

A nan na tsaya. Al'ada ce kafin magini ya hau soro ya yi kira, don matan maƙwabta su kimtsa ko su shige ɗaki. Na sha jin maigidana yana cewa, "Za a hau soro, matan gida a kimtsa." To ni wa zan ce wa ya kimtsa? Matan nan tare muke wanka da jego. Amma ban so a ce na hau kamar ɓarauniya. Na cika ƙirji na ce, "Za a hau soro. Maza a sunkuyar da kai."

Maƙwabciyata ta fashe da dariya a bayan katanga har tana tari.

Na taka tsani na kai sama. Tunda aka kawo ni garin nan ban taɓa ganinsa haka ba. Ga rumfunan kasuwa can, ga kukoki, ga gonaki sun fara kore, ga tsakar gidan kowa a buɗe kamar faifai. Ban tsaya kallo ba. Na tsuguna ina jiran hayaƙi a kusurwar gabas, inda ƙorena suke a ƙasa. Ko alama babu. Sai da na waiwaya na gan shi yana fita siriri kamar zare a yamma, daf da bakin indararo, da kuma wasu wurare biyu a gindin rawanin soron, ɗan bangon da ya kewaye rufin. Na bi su ina zana da tsinke.

A wurin babbar tsagar na ga abin da ban shirya masa ba. Yaɓen bara yana nan da sawun hannunsa, layi bayan layi, yadda ya yi ta shafawa. Ƙaramin yatsansa na dama guntu ne, azara ta taɓa datse shi, saboda haka sawun nasa ba ya ɓata: dogaye, sannan guntu. Tsagar ta ratsa ta tsakiyarsu. In zan toshe ta, sai na rufe su da nawa. Na ɗora tafina a kan ɗaya. Rana ta gasa shi, da ɗuminsa. Kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi, a nan na yi shi.

Ina cikin haka na ji an ce gobara. Hayaƙin ya sami hanya ta gefen ƙofa ya turnuƙe sama, wani mai wucewa ya hango. Kafin in share ido zaure ya cika, maza da tuluna da ƙore, babu sallama babu komai, don gobara ba ta jiran izinin waliyyi. Na ga na gaba ya nufi ƙofar soron zai yaye zanan ya sheƙa ruwa.

"Kada wanda ya jiƙa mini ɗaki," na ce daga sama. "Ba wuta ba ce. Aiki nake."

Suka ɗaga kai gaba ɗaya, suka sunkuyar gaba ɗaya. Da ba a cikin takaba nake ba da na yi dariya.

Yaya ya iso yana haki, liman na unguwa yana biye da shi da sandarsa. Yaya ne ya fara magana.

"Sauko. Kin tona mana asiri. Ƙanena ko kwana arba'in bai cika ba, kina tsaye a kan soro duniya tana kallonki."

"Yaya, na aika sau nawa? Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ai ya fi wutar zafi."

Ya juya wurin liman. "Malam, a gaya mata hukuncin mai takaba."

Liman tsoho ne mai sanyin magana. Idonsa yana ƙasa ya tambayi Inna, "Ta taka ƙofar gida?"

"Ba ta taka ba."

"Ta yi ado? Lalle, kwalli, turare?"

Inna ta ce, "Laka dai da kashin jaki, har gwiwar hannu."

Ya zana ƙasa da sandarsa. "To ni a ɗan abin da na karanta, an ce ta zauna a gidan mijinta. Ban ga inda aka ce saman ɗaki ba gidan ba ne. Sai dai ta rage murya." Ya juya ya fita, mutane suka fara bin sa.

Wani dattijo cikin maginan da suka yi aiki da marigayi ya tsaya a bakin zaure, yana gyara hularsa, yana magana da bango. "Da ni ne, sai in buɗa tsagar tukuna, in jiƙa ta sosai kafin in cusa. Busasshiya ba ta karɓar sabuwa." Yaya ya harare shi. Ya ce shi da bango yake.

Haka na yi. Na buɗa, na jiƙa, na cusa, na daddanna. Ina saukowa in ciko kwando in ɗora a ka in koma, har cinyoyina suka daina jin nawa ne. Na cire indararon na sake dasa shi, na tallafe bakinsa. Da yaɓen ya sha iska na bi shi da makuba. Sawun hannunsa duk na rufe su, sai guda ɗaya a gindin zankon da ke kusurwar soro, inda ruwa ba ya kwanciya, shi na bari. Washegari muka sake tayar da hayaƙi. Na zagaya rufin kaf, ko zare bai fita ba.

An yi da ni a gari, kamar yadda Inna ta ce. Har waƙa 'yan mata suka yi mini a dandali. Ban damu ba, waƙa ba ta rushe ɗaki.

Babban ruwan ya zo wata la'asar a tsakiyar damina, da iska mai karya rassa. Yana cikin zuba sai ga Yaya a jiƙe sharkaf, ya ɗaure jaki a zaure, ya zo kwashe yara kafin rufi ya danne su. Tsoro ne na gaske a fuskarsa, wannan na ba shi. Ya shigo ya same mu a zaune, Inna tana kaɗi, yaran suna cin gyaɗa. Ƙwaryar nan tana kusurwar gabas inda Inna ta ƙi yarda a ɗauke ta.

Ya tsaya a tsakiyar ɗaki yana kallon azara. Indararo yana ta kwarara a waje. Ya jira, ya jira. Ya je ya ɗauki ƙwaryar ya shafa cikinta, ƙura ta biyo yatsansa. Ruwan da ke ƙasan ɗakin duk daga rigarsa ya zuba.

Inna ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Ni ce shaida, ka tuna."

"Na tuna, Inna." Ya ajiye ƙwaryar a hankali. Ya dubi babban ɗana, wanda ya zo ɗauka, ya shafa kansa ya bar shi a inda yake zaune. Har ya kai bakin ƙofa ya tsaya, ya ba ni baya kamar yadda ya saba.

"Nawa soron ma yana yoyo. Ta wajen kudu."

Na gyara lulluɓina, na rage murya kamar yadda liman ya ce.

"Ina takaba, Yaya. Ba na fita."