Kunnen Mai Silo

A layin makanikai, in ka ce Mai Silo ba wanda zai tambaye ka wanne. Garejinsa ne na ƙarshe: rumfar kwano, da benci mai ɗingishi, da wata tsohuwar tasa ta fetur inda yake jiƙa kayan kafireto. Tun yana saurayi aikinsa ke nan. Motar da ke mutuwa da an ɗaga ƙafa daga totur, shi ake kawo wa ya daidaita mata silo, wato bugun inji lokacin da take tsaye. Bai taɓa mallakar na'urar gwaji ba. Sai dai ya karkata kai, ya lumshe ido, yana juya sukurun iska kaɗan-kaɗan har injin ya kwanta. Da kunnen nan ya gina gida, da shi ya aurar da 'ya'yansa mata.

To, zamani riga ne. Motocin yanzu ba su san kafireto ba, masu zuwa wajensa sun ragu, amma girman kansa ko gezau. A gida ma uwargidansa ta gaji da ce masa ya rage ƙarar rediyo. Shi kuwa cewa yake mutanen gidan ne suka koyi magana ciki-ciki.

Ana nan wani dattijo, mai kantin magani, ya kawo wata doguwar mota ruwan toka da ya gada wajen mahaifinsa. A kan titi lafiya lau take gudu. Da an taka birki an tsaya, sai ta hau karkarwa kamar mai zazzaɓi, ta yi sama, ta yi ƙasa, ta mutu.

"Aikin shan shayi ne," in ji Mai Silo. "Gobe ka zo ka ɗauka."

Goben da ba ta zo ba ke nan. Ya kwance kafireton ya wanke, ya hura kowace kafa da bakinsa har leɓɓansa suka yi ɗaci. Jiya i yau. Ya canza fulogi, ya tsiyaye man tanki yana tsine wa masu gidan mai. Ya juya sukurun iska dama, ya juya hagu, motar ta yi kamar ba da ita ake ba. Ya zagi masu sayar da kayan gyara na jabu, ya zagi makanikin da ya taɓa ta kafin shi, mutumin da ko saninsa bai yi ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Haushi ya ishe shi har ya daina amsa gaisuwar maƙwabta, su kuwa suna leƙowa suna ƙunshe dariya.

Mai motar mutum ne mai haƙuri, amma haƙuri ma yana da iyaka.

"Malam, ba raina aikinka na yi ba," in ji shi. "Amma yaran can na bakin titi sun ce su sauke injin nan su sa mini na zamani. In zuwa jibi ba ta daidaita ba, zan kai musu."

"Me ka ce?"

Dattijon ya maimaita da ƙarfi. Mai Silo ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. In aka ja motar nan daga rumfarsa a gaban duk layin, to sunansa ya ƙare, kuma ya san haka.

Washegari da azahar uwargidansa ta kawo masa abincin rana da kanta, don ta lura kwana biyu kwanon yana komawa gida ba a buɗe ba. Ta same shi rabin jikinsa cikin bonet, injin na ta haki, shi yana ta masifa shi kaɗai. Ta ajiye kwanon a benci, ta toshe kunne ɗaya da yatsa.

"Malam, wai wannan fiton ba ya damunka?"

"Wane fito?"

"Ga shi nan, siriri, tsiii, har cikin haƙorana nake jin sa."

"Ke dai da neman magana. Ni da na kwana na tashi a kanta ban ji ba sai ke?"

Ta tattare mayafinta, ta zagayo gefen motar tana bin sautin da kai, ta nuna can bayan kafireton, ƙasa, wajen da ido ba ya kaiwa. Ya harare ta, amma ya zura hannu. Wani ɗan tiyo ne baƙi, ya bushe ya tsage ta ƙarƙashi. Da ya ɗora yatsa a kan tsagar sai ya ji tana tsotsar fatarsa. Nan take motar ta daina girgiza a jikin cinyarsa.

Ashe iska motar take zuƙa ta tsagar nan. Matsalar da a da yake ganewa tun mota ba ta gama shigowa rumfa ba. Ya daɗe a sunkuye, yatsansa a kan tiyon. Ba man tanki ba ne, ba fulogi ba ne, ba kuma mutanen gida ne suke magana ciki-ciki ba.

Ya yanko sabon tiyo ya sa, ya sake tayar da injin. Ya ɗauki sukudireba, ya karkata kai, ya lumshe ido kamar yadda ya saba, ya juya sukurun. Gunji kawai yake ji, mai nisa, duk iri ɗaya. Ya sake juyawa, bai ji bambanci ba.

Uwargidan ta juya za ta tafi. Ya leƙa waje ya tabbatar ba maƙwabcin da ke kusa.

"Dakata mana," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Matso nan ki tsaya. Zan riƙa juyawa. In kin ji ta kwanta, ki taɓa kafaɗata."