Jinin da ke cikin firiza

Kafin ta yi magana sai ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi. Ina barandar cibiyar bincike ina jiran ɗana, ita kuma tana kujerar da ke fuskantata, siririya, furfura ta leƙo ta bakin ɗankwali. Mai gadi ya ce ita ce shugabar kwamitin da ke kare mutanen da ake bincike a kansu.

Darakta ya fito ya tsaya a kanta.

"Hajiya, jinin nan ya daɗe a firiza, rabin masu shi sun rasu. Ki amince mu fara sabon aikin."

Ta goge tabarau. "Don binciken zazzaɓi suka bayar, ranka ya daɗe. Wannan ba a tambaye su ba."

"Yau za a kaɗa ƙuri'a, da ke ko ba ke."

Ina jin ta saba zama ita kaɗai a kan ra'ayinta. Tana ta kiran masu jinin a waya ɗaya bayan ɗaya don neman izininsu, yawancin layukan a kashe. Aka leƙo aka ce kwamiti ya zauna. Ta tashi a hankali, ta manta wayar a kujera. Daga cikinta wani tsoho yana ta cewa, "Wa ke magana?"