Dattijon Gindin Tanki

A wani ƙauye kusa da Kunci, 'yan kwamitin majalisar dokokin jiha sun zo duba rijiyar burtsatsen da aka ce an gama. Ni kuwa, ina cikin 'yan kallo, idona yana kan wani dattijo da ke tsaye a gindin tanki. Siriri ne, farin gemu, hannun rigarsa jiƙe sharkaf, tafinsa duk kanta irin ta jan guga. Ina zargin shi da wasu mutanen ƙauyen aka sa suka yi ta jido ruwa daga tsohuwar rijiya suna ɗura wa tankin tun safe, wai kada gari ya ji kunya a gaban baƙi.

Shugaban kwamiti ya murɗa famfo, ruwa ya zubo, aka hau tafi. Dattijon bai tafa ba. Ruwan kawai yake kallo.

Shugaban ya juyo. "Baba, kullum haka yake zuwa?"

Dagaci ya kafe dattijon da ido. Dattijon kuwa ya dubi matan da ke jira da bokitai wayam.

"Ranka ya daɗe, kada ku rufe famfon," in ji shi. "Ku ɗan ƙara tsayawa, ku gani da idonku."