Yaya Usman da takarar ɗansa a Amurka

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana Usman, Allah ya jiƙansa. A Jidda aka haife shi, a Jidda aka binne shi, kuma har ya koma ga Allah da iƙama yake zaune, takardar zaman baƙo, irin wadda nake zaune da ita yau. Bai taɓa jefa ƙuri'a ba, ko akwatin zaɓe a talabijin kawai ya gan shi. Ga shi bana ɗansa Bashir, wanda ya tafi Amurka karatu ya zauna can, yana takarar magajin gari a wani matsakaicin birni da har yanzu sunansa ke harɗe mini harshe.

Yaya kafinta ne a unguwar Hindawiyya, amma ba da katako aka san shi ba. Shi ne shugaban jama'armu ta unguwa. In an yi rasuwa shi ke tsayawa har a binne, in wani ya sami saɓani da kafilinsa, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa kan iƙama, shi ke zuwa ba da baki. Duk shekara bayan aikin hajji sai a taru a gidan wani dattijo, a sha shayi, Yaya ya miƙe ya ce ya gaji, bai cancanta ba, ga wane da wane sun fi shi ilimi da haƙuri. Sai a yi caa a kansa. Wani ya rantse, wani ya riƙe masa hannun riga, a ƙarshe ya zauna yana girgiza kai kamar an yi masa dole. A haka Bashir ya tashi, kuma uban ya sha gaya masa cewa mutumin kirki ba ya neman shugabanci da bakinsa.

Watan jiya aka yi muhawarar 'yan takara a can. 'Yata ta nuna mini a waya tana fassara mini. Mai gabatarwa ta tambayi kowa dalilin da zai sa a zaɓe shi. Abokiyar hamayyarsa ta jero ayyukanta tas, ko ƙifta ido ba ta yi ba. Da aka zo kan Bashir, wanda ya yi shekaru a majalisar birnin yana fama da batun motocin haya da gidajen talakawa, sai ya sunkuyar da kai. Ya ce shi bai fi kowa ba, matar nan ta fi shi gogewa, jama'a ne suka matsa masa. Daga nan ya yi shiru. Ni kaɗai a duniya na san abin da yake jira. Ba wanda ya miƙe, ba wanda ya rantse. Mai gabatarwa ta yi masa godiya ta wuce tambaya ta gaba, kan bututun ruwa. Washegari 'yan adawa suka yanko maganar suka baza ta ko'ina, cewa ɗan takara da bakinsa ya ce bai cancanta ba.

Masu yi masa kamfe suka tasa shi gaba, suka ce ko dai ya fito ya ce yana so kuma ya iya, ko kuwa ya haƙura da kujerar. Ya kira ni bayan la'asar, da Hausarsa da Larabci ya cinye rabinta. Ammi yake ce mini, wato baffa.

"Ammi, wallahi ana ta'aban, na gaji. Suna so in tsaya gaban mutane in yabi kaina. Baba zai yarda da wannan?"

Amsar ba mai daɗi ba ce. Yaya yana son shugabancin nan kamar ransa. Da hajji ya gabato zai fara zagaya gidaje, ya duba marar lafiya, ya gyara ƙofar da ba a kira shi gyarawa ba, sannan ya biyo ta wurina ya ce kada in kuskura in makara taro. Akwai shekarar da na makara. Ya ce ya sauka, mutane suka ɗan yi nauyin baki, shirun ya yi tsawo kafin wani tsoho ya farga. Har Muharram ya shigo Yaya bai yi mini magana ba. Duk wannan na gaya wa Bashir.

"Ubanka yana so, ya waladi, ɗana," na ce masa. "Ya dai sami mutanen da za su faɗa a madadinsa. Kai ba ka da su a can, to buɗe baki ka faɗa, halas, shi ke nan."

Da Yaya yana raye, na san zai yi tsaki in ya ga hoton ɗansa kafe a ƙofar gidajen mutane. Amma bin gida-gida ana ƙwanƙwasa ƙofa, wannan kam sai dai ya gyara wa yaron inda yake kuskure. Kawaicinsa ba ƙarya ba ne, sai dai kawaici ne mai buƙatar maƙwabta. Maƙwabtan kuwa ko a nan sun watse, tun da aka rushe yawancin gidajen unguwar.

Bashir ya fito a taro na gaba ya ce yana son aikin, kuma zai iya. Da bakinsa ya faɗa. Saura mako guda zaɓe, ban san yadda za ta kaya ba. Abin da na ga ya saura na Yaya shi ne tsayawa kan lamarin mutane, kuma yana nan jikin ɗansa ko ya ci ko ya faɗi. Sai dai a da duk kiran da Bashir zai yi sai ya tambaye ni wani abu game da ubansa. Yanzu yana kira, yana gaishe ni da ladabi, amma tun ranar bai sake tambayata ba.