Cikin da Na Ɓoye a Ɗakin Tausa

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina son in rubuto wannan labari, sai in ɗauki alƙalami in ajiye, domin har yau in na tuna ranar sai na ji gabana ya faɗi. A lokacin ina cikin shekara ta uku da aure, muna zaune a wani ɗan gida a hawa na sama a unguwar Cheras, can ƙasar Malayawa, ni da maigidana wanda jami'arsa ta turo karatun digiri na uku. Kakata ce ta raine ni a Zariya, kuma irin tarbiyyarta na ɗauko kaf. Ban taɓa kiran sunan mijina ba, ban taɓa cin abinci a gaban babarsa ba. Matan 'yan'uwanmu da muke haɗuwa da su a wajen sunaye da walimomi suna tsokanata da cewa ni a jirgi aka kawo ni amma zuciyata tana soron gidan kakata. Ni kuwa daɗi nake ji, ina ganin duk cikinsu ni ce mai kunya ta gaskiya. Wannan alfaharin ne ya kai ni inda ya kai ni.

Shekarun nan uku ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Duk wanda ya kira daga gida sai ya zagaya ya zagaya ya tambaye ni ko ina da labari. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa tambaya ba, Hajiya, mahaifiyar maigidana. Sai Allah Ya kawo rabo. Na gwada a gida na gani, na faɗa wa maigidana, muka yi shawarar mu yi shiru tukuna har ya yi ƙwari. Ko hoton cikin ba a kai ga ɗauka ba, an dai ba mu rana a asibiti. Ana cikin haka Hajiya ta sauka, ta zo a duba mata gwiwa. Daga ranar na shiga aikin ɓoyo. In amai ya taso sai in shiga banɗaki in sake famfo don kada ta ji. In maƙwabta suka soya wannan daddawar jatan landen tasu mai wari, sai in ce zan shanya kaya in tsere baranda. Ranar da na raka ta titin kasuwa na Jalan Tuanku Abdul Rahman sayen mayafan tsaraba, jiri ya kwashe ni a cikin shago har sai da na dafa tulin yadi, na ce mata zafin garin ne. Ta dube ni, ta miƙo min ruwa.

Da likita ya ce gwiwar ba ta kai ga tiyata ba, hutu da gashi take so, sai maigidana ya kama mana ɗaki a wani otal na hutu da tausa a bakin teku, can gabashin ƙasar, tafiyar sa'o'i a mota. Ya tabbatar akwai ɓangaren mata zalla kafin ya biya. Shi bai samu zuwa ba saboda malaminsa ya sa masa ranar gabatar da aiki. Da zai sa mu a mota ya ja ni gefe ya ja min kunne, ya ce tausa ta Hajiya ce kawai, ni tafinta ce, kuma in aka matsa min in gaya musu halin da nake ciki. Na ce to, har ina jin haushin yana maimaita min kamar yarinya.

Wurin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Ga teku har inda ido ya tsaya, ga bishiyoyin kwakwa, ko'ina ƙamshin ciyawar shayi da citta. Ma'aikatan ba sa ɗaga murya, kowa raɗa yake yi. Hajiya ta ce ita ba ta taɓa ganin inda ake biyan kuɗi don a ba mutum ruwan ganye a ce ya yi shiru ba. Abincinsu ba mai ba gishiri, sai da ta ciro yajin da ta ƙullo daga gida sannan ta iya haɗiya. Mun yi dariya sosai a ranar farko, har na fara sakin jiki da ita.

Washegari da hantsi aka kai mu ɗakin tausa. Gadaje biyu ne a jere, tsakaninsu bai wuce miƙa hannu ba. Hajiya ta ga fararen tawul da kwanukan mai, ta ja ta tsaya. Ta ce ita da girmanta ba za ta kwanta baƙuwa tana murza ta ni kuma ina tsaye a kanta ina kallo ba, sai dai in ni ma in kwanta a yi mana tare, ai ɗanta na mutum biyu ya biya. Na ce ni lafiyata lau. Ta ce to mu koma ɗaki. Na tuna yadda take rarrafa matakala da wannan gwiwar, na tuna nisan da muka yi, sai na ajiye jakata.

Wadda za ta yi min wata dattijuwa ce 'yar ƙasar, mai lulluɓi, mai sanyin hali. Kafin ta taɓa ni ta tambaye ni ko ina da hawan jini, ko an taɓa yi min tiyata. Sannan ta tambaya ko ina da ciki. Da turanci ta yi tambayar, wanda Hajiya ba ta ji, kuma da a nan ta tsaya da na amsa mata a hankali an wuce wurin. Amma sai ta ɗaga hannu ta zana tudun ciki a gabanta don in gane sosai. Na waiga, idon Hajiya yana kanmu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. In na gyaɗa kai, na faɗa wa uwar mijina da bakina ke nan cewa ina ɗauke da cikin ɗanta, a tsirara daga ni sai tawul. Sai na girgiza kai. Matar ta sake tambaya ko na tabbata. Na sake girgizawa. A raina na ce in an jima zan raɗa wa mai tausar. Ban samu wannan in an jimar ba.

Aka fara da ɗakin tururi, inda ake dafa ganyayyaki zafi yana tasowa. Ina zaune gumi yana zuba, ina lissafin ko zafin yana isa inda ɗana yake. Da muka dawo gado, matar tana shafa min mai ta tambaye ni yara nawa gare ni. Na ce babu. Shekara nawa da aure, na faɗa mata. Tausayi ya kama ta. Ta ce kada in damu, akwai tausar da suka gada daga iyayensu ta ɗaga mahaifa, mata da yawa sun samu haihuwa bayanta, za ta yi min kyauta. Kafin in haɗa kalmomin da zan ce, ta sa manyan yatsunta a marata ta danna, tana turawa sama. Bayan nan ta ɗauko dutse mai zafi a naɗe cikin ƙyalle da ganye ta ɗora a wurin. Na cije tawul. Hajiya tana gefena tana ta sa wa tata mai tausar albarka, tana cewa gwiwa ta saki. Ni kuwa duk addu'ar da na sani na karanta, ban da kalma ɗaya da ya kamata in faɗa, wato ta dakata. Da aka gama suka kawo wani jiƙo mai ɗaci na kurkum da saiwoyi, Hajiya ta shanye nata ta dube ni, ni ma na shanye.

Bayan azahar marata ta fara murɗawa. Na ce wa kaina tsoro ne kawai. Na kwanta na tashi, na sha ruwa, na leƙa banɗaki ban ga komai ba, na dawo, na sake komawa. Ana kiran la'asar na ga jini. Ba shi da yawa, amma na zauna a ƙasan banɗakin waya a hannuna na kasa kiran maigidana. Me zan ce masa? Ya faɗa min, da bakinsa ya faɗa min. Ban san tsawon zaman da na yi ba, sai na ji Hajiya tana buga ƙofa tana cewa ta idar ni ban fito ba. Na buɗe. Ta dubi fuskata, ta dubi ƙasa. Ta ce in ɗauko mayafina. Matar da ba ta jin ko kalma ɗaya ta turanci, da gwiwar nan tata, ita ta gangara wurin karɓar baƙi ta kamo hannun wata ma'aikaciya, tana ta faɗin asibiti da Hausa tana nuna cikinta, har suka gane suka fito da mota.

Wannan tafiyar ba zan manta ta ba. Ruwan sama ya sauko, hanya ta bi ta cikin gonakin kwakwar manja ba gida ba mutum. Ƙaramin asibitin da muka fara zuwa ba su da na'urar hoto, suka ce mu wuce babban gari. Duk ramin da motar ta faɗa sai in riƙe numfashi. Hajiya ta ɗora ƙafafuna a cinyarta tana tofa min addu'a. Can sai ta fara magana, ba tare da ta kalle ni ba. Ta ce tun ranar da ta sauka ta gane, daga fuskata da yadda nake barci, kuma famfon da nake sakewa bai taɓa ɓoye mata komai ba. Ta yi shiru ne don kada ta ba ni kunya, tana jira in cikin ya yi ƙwari ɗanta ya sanar da ita. Ta ce da matar nan ta zana ciki da hannu ta ga na girgiza kai har sau biyu, sai jikinta ya yi sanyi, ta ɗauka ko ya zube ne ban faɗa ba, ko kuma tsufa ya sa ta fara ganin abin da take buri. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga ba girmanta ba ne ta tona cikin surukarta a gaban baƙi. Tana faɗa tana kuka, tana cewa ita ta matsa min na kwanta. Ni ina jin kunyarta, ita tana yi min kara, muka zuba ido aka danna.

A babban asibitin wata likita ta shafa min mai a ciki ta ɗora na'ura. Na rufe ido. Sai na ji wani ɗan sauti mai sauri, ta ce bugun zuciya ne, yana nan da ƙarfinsa. Na fashe da kuka ina hamdala. Amma likitar ba ta ɗaga na'urar ba. Ta matsar da ita gefe, ta ƙara matsarwa. Sannan ta juyo da allon ta nuna min wani ɗan duhu kusa da na farkon. Ta ce biyu ne. Ɗayan babu bugu. Na tambaye ta ko tausar ce. Ta ce ba za ta iya ce min e ba, ba za ta iya ce min a'a ba. Sau da yawa ɗaya daga cikin tagwaye yakan tsaya da kansa tun da wuri, wataƙila ma ya tsaya kafin mu baro gida, wataƙila kuma ba haka ba. Hajiya tana tsaye tana tambayar me aka ce. A ranar na fara yi mata maganar ciki da bakina, kuma abin da na faɗa mata ke nan.

Maigidana ya iso da safe. Bai yi min faɗa ba, har yau bai taɓa tayar da maganar ba, kuma da ya yi faɗan wataƙila da na fi samun sauƙi. Mai tausar ta zo asibiti idonta ya kumbura, tana tsoron za a kore ta. Na gaya wa shugabarsu cewa sau biyu ta tambaye ni, ni ce na musa. Sauran watannin a kwance na yi su, ko tari na yi sai na duba jikina. Hajiya ta ɗaga tafiyarta ta zauna da ni har na sauka lafiya, aka samu mace.

'Yan'uwana mata, musamman ku da kuke zaune a ƙasashen waje, ban ce ku yar da kunya ba. Amma duk wanda zai taɓa jikinku, ko mai tausa ce, ko mai ba da magani, ko mai ɗaukar hoto a asibiti, in ya tambaye ku ku faɗa masa gaskiya ko waye a tsaye a wurin. A gida tsofaffin unguwa suna gane ciki ko ba a faɗa ba, su kare yarinya ba tare da an furta komai ba. A nan ba wanda zai karanta shirunki. Ku ma iyayenmu, in kun gani ku yi magana. Da na sake samun ciki, Hajiya na fara kira, na faɗa mata ƙarara tun a satin farko. Ta yi dariya ta ce lallai na zama marar kunya, Allah Ya ƙara min.

'Yata ta shiga makaranta yanzu, bakinta duk turanci da Malayanci. Na yarda da ƙaddara, na san abin da Allah bai rubuta zai rayu ba ba zai rayu ba. Amma kwanaki ina yi mata kitso ta ce min a ajinsu akwai wasu 'yan biyu, kullum tare suke cin abinci, ita ma da tana da tata. Na ce mata ta daina motsi kada tsagar ta karkace.