Hinde da Akushin Malam

Duk wanda ya daɗe a Kebbe ya san Hinde mai ƙuli-ƙuli. In bai san fuskarta ba ya san muryarta, domin Allah bai hore mata yin magana a hankali ba. 'Yar Sanyinna ce. Shekara arba'in da huɗu ke nan da aka kawo ta gidan Malam Armaya'u, wanda abokansa ke kira Dogo, ma'aikacin ɗakin shan magani. Shi ya ƙare ƙuruciyarsa a kan keke, daga baya babur, yana bin ƙauyuka da akwatin allurar rigakafi. Ita kuma ta ƙare tata tsakanin turmi da kasko, tana suyar gyaɗa tana matse mai. Sun haifi biyar, biyu suka tsaya musu: Saifullahi, akawu a sakatariyar ƙaramar hukuma, da Ruwaida, malamar firamare da ke aure a Tambuwal. Hinde ba ta kama sunan Saifullahi saboda ɗan fari ne. Akawu take ce masa, in ya ɓata mata rai sai ta ja kalmar ta yi tsawo.

A duk shekarun nan akwai abin da Malam bai taɓa gani ba: bai taɓa ganin Hinde tana cin abinci ba. Za ta zuba masa tuwo a baƙin akushinsa, ta kai masa ɗaki, ta fita. Sai ya ƙoshi ya wanke hannu, ta dawo ta ɗauke, sannan ta zauna a madafa ta ci nata. Haka ta ga uwarta na yi a Sanyinna. Matar da za ta iya tsayar da mai sayen man gyaɗa a ƙofar gida ta wanke shi tas a kan ya taɓa mata mudu, ita ce in Malam ya shigo tana tauna ko ƙuli ne sai ta juya fuska bango.

Ciwon suga ne ya fara shigo musu, ya kama Hinde. Aka yi ta ƙwayoyi, daga baya aka koma allura safe da yamma, idonta kuma ya soma yin hazo. Malam ko a jikinsa. Ya ce ya yi wa rabin ƙasar Kebbe allura, ta matarsa ba za ta gagare shi ba. Da yake wutar lantarki a unguwarsu sai dai a ji labarinta, ya samo tukunyar ƙasa biyu, ya sa ƙarama cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi. Nan kwalbar maganin take zama cikin sanyi, kuma kaza ma ba ta isa ta raɓi wurin ba.

Bara waccan kuma, yana dawowa daga gonar albasa bayan la'asar, ya faɗi a soro. Ya dawo daga asibiti yana jan ƙafar dama, hannun dama a rataye, harshe ya yi nauyi.

Maƙwabta suka ce shi ke nan, gida ya zauna. Hinde ta ce su ne za su zauna. Ita tana da hannu ba ta ganin lambobin sirinji, shi yana gani ba shi da hannu, sai suka haɗa. Ta riƙe kwalbar da sirinjin dab da fuskarsa tana ja, shi yana karantawa.

"Ja. Ƙara kaɗan. Ke, kin wuce, mai da shi."

"To ka yi magana da wuri mana, Malam. Kai ka jiran in wuce ka samu abin hwaɗi."

"Tsaya nan. Sha huɗu."

Kullum sai sun yi wannan faɗan, kuma kullum allurar tana fita daidai.

Cin abinci ne ya zama aiki. Malam ya ce shi kam ba zai kai hannun hagu baki ba. Liman ya zo har gida ya gaya masa cewa mai larura ba shi da laifi. Malam ya ce ya sani, ba fatawa ya nema ba, shekara saba'in yana ci da dama, bai ga abin da zai sa ya sake yanzu ba. Kunu yana iya sha, domin yakan ɗora mataccen hannun a kan kofin, hagun ya tallabo daga ƙasa, ya ce ai dama ce ta riƙe. Amma tuwo ba a yi masa wannan dabarar. Saboda haka Hinde ta wanke hannunta na dama ta koma ba shi a baki. Ta san girman lomar da maƙogwaronsa yake karɓa, ta san yawan miyar da ba za ta sarƙe shi ba. Akushi ɗaya yakan ci musu kusan awa guda. Sai ta gama, ta share masa gemu, sannan ta wuce madafa kamar kullum.

Malam ya sha gaya mata cewa mai wannan allurar ba ya jinkirin ci. Takan ce ta ji. Wata safiya cikin damina ta yi allurarta, ta zauna ba shi ɗumame, ranar kuma haɗiya ta yi masa wuya. Zufa ta karyo mata. Ta san suganta ne ya yi ƙasa, amma ta taɓa akushin ta ji saura kamar loma shida, ta ce bari ta ƙarasa. Ba ta ƙarasa ba, ta kife a kan tabarma.

Malam ya ja jiki har bakin ƙofa, ya dinga buga murfin kwano a jikin ƙyaure da hannun hagun da yake rainawa, har maƙwabciyarsu ta shigo. Da harshen nan mai nauyi ya ce mata ta shafa wa Hinde zuma a dasashi. Da Hinde ta farfaɗo, abin da ta fara tambaya shi ne wa ya bar akushin Malam a buɗe ƙuda na bi.

Ran Asabar 'ya'yan suka haɗu, kuma da ganin zamansu an riga an gama magana a waya. Saifullahi ya ce Baba zai koma gidansa, nan cikin Kebbe, matarsa Madina ta kula da shi. Inna kuma ta bi Ruwaida Tambuwal, inda akwai firiji mai sola, ga asibiti kusa.

"Akaawu," in ji Hinde, "gado kuka rabo, da za ku ce wanga naka wagga tata? Ba mu mutu ba tukuna."

Saifullahi ya ce, "Inna, saura kaɗan hwa. Da maƙwabta ba su ji ba, da yanzu wata magana mukai."

Hinde ta juya wajen Malam tana jiran ya sa baki. Ya dubi hannunsa. Sannan ya ce, "Ki tahi. Ni nika kashe ki."

Wannan maganar ta yi mata ciwo fiye da faɗuwar. Ta tashi ta ɗaure kayanta, ta ɗauko akushin ta dangwarar a gaban Saifullahi.

A Tambuwal ba ta rasa komai ba, kuma abin ya ƙara mata haushi. Ruwaida ce ke auna allurar kafin ta tafi makaranta, cikin ƙiftawar ido, ba faɗa ba gardama, abinci kuma yana gabanta kafin ta gyara zani. Jikinta ya yi daɗi. Sai dai tana zaune kan kujera mai laushi daga safe zuwa yamma, hannun damanta ba shi da aikin yi. Kullum bayan magariba Ruwaida takan kira wayar Saifullahi a ba Malam.

"Malam, ka ci?"

"Na sha kunu."

Washegari ma kunu. Rana ta huɗu kunu. A rana ta takwas Hinde ta sa aka kira mata Madina da hantsi, lokacin da ta san Akawu yana ofis. Madina ta yi ta kewaye-kewaye, daga baya ta fashe da kuka. Ta ce wallahi tana dafawa, tana kaiwa. Ta kai da cokali, ya ce da wane hannu. Ta ce bari ta ba shi, ya juya fuska ya ce suruka ba za ta sa masa abinci a baki ba yana da ransa. Saifullahi yana gwadawa in ya dawo, amma lomarsa manya ce, sau biyu Baba yana sarƙewa, tun daga nan ya ce ya ƙoshi.

Hinde ba ta saci hanya ba, ba halinta ba ne. Ta jira Ruwaida ta dawo da azahar ta same ta zaune a tsakar gida da lulluɓi, ƙunshin kaya a cinya, kwalbar magani naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma a ƙaramar ƙwarya.

"Inna, ina zuwa?"

"Gida."

"Inna, an yi ruwa jiya, hanyar ga mota ba ta shiga. Kuma in kin koma abin da yaf faru shi za ya sake faruwa."

"Kwana takwas ubanki na shan kunu awa jinjiri. Kun raba mu don kar in mutu, to shi wa kunka aje ya mutu madadina? In kina rakiya ki taso, in ba ki yi ki nuna min ƙofa, ƙafata lahiya lau take."

Ruwaida ta san uwarta. Ta ajiye jakar makaranta ta ɗauko mayafi. Mota ta kai su inda kwalta ta ƙare, daga nan suka hau kabu-kabu. Sau biyu suna sauka su taka caɓi da ƙafa, Hinde na riƙe da ƙwaryar a ƙirji, tana yi wa mai babur faɗa a kan ramukan da ita ba ta ma ganinsu.

Ana fitowa daga la'asar suka isa gidan Saifullahi, shi ma dawowarsa ke nan. Hinde ba ta tsaya dogon gaisuwa ba, ta wuce ɗakin da aka sauke Malam. Ba ta ganin fuskarsa sosai, sai ta kama wuyan hannunsa, ta ji yatsunta sun zagaye shi har da saura. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta ji kamar ta yi kuka, amma ta ƙi yi. Ta ɗaga murya ta ce Madina ta kawo tuwo a akushin Malam, da ruwan wanke hannu.

"Mi ya maido ki?" in ji Malam.

"Allurata ta yamma. Can ba su iya ba."

Ruwaida ta matso. Ta miƙa hannu za ta karɓi sirinjin, Hinde ta ture hannun. Ta ɗaga kwalbar dab da fuskar Malam. Ya gyara zama.

"Ja. Ƙara. Tsaya nan."

Ta juya musu baya ta yi allurarta. Saifullahi yana tsaye a bakin ƙofa ya ce, "To Inna, yanzu ki tahi wurin Madina ki ci naki, ni in ba Baba."

"Zauna, Akawu. Ke ma zauna, Ruwaida. Ku duba da kyau, don kar a sake kiran taro kaina."

Ta wanke hannu, ta jawo akushin tsakaninta da Malam, ta yi bisimilla, ta yanki loma ta dangwali miya. Malam ya buɗe baki. Hinde ta kai lomar bakinta.

Madina ta rufe fuska da gefen mayafi ta fice. Saifullahi ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Hinde kuwa kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Tana da jikoki tara, amma ji ta yi kamar ranar da aka kawo ta daga Sanyinna. Duk da haka ba ta juya fuska bango ba. Ta tauna a gabansa, ta haɗiye, sannan ta yanki ƙaramar loma irin tasa ta kai masa.

"Guda ni, guda kai," ta ce. "In mutanen Kebbe na son kallo, su zo da tabarmarsu. Gobe kuma gidanmu za mu, tukunyata na can yashi ya bushe."

Malam ya haɗiye lomar a hankali, ba ta sarƙe shi ba. Suka ci gaba, ita ɗaya shi ɗaya, Ruwaida na share ido da bayan hannu.

Wajen loma ta bakwai hannun Hinde ya koma wa tsohon halinsa. Ta ba shi, ta sake yankowa ta nufi bakinsa. Lomar ta taɓa leɓensa ta ji a rufe gam. Ta ɗan tura, ya kau da kai.

"Malam, buɗe mana."

"Wagga taki ta," ya ce. "Ina ƙirgawa."

Bai buɗe ba sai da ya ga ta haɗiye.