Matar Tela Mai Tambayar Mutuwa

Ba wanda ke murnar ganinta da jakarta a ƙofar gidansa, kuma ba don tana da mugun hali ba. Aikinta ne haka, sai an yi rasuwa take zuwa. Wata cibiya mai binciken cututtukan da ke kashe jama'a ce ta ɗauke ta tun tana goyon fari, saboda yawancin mutane a gida suke cikawa, ba likitan da ya san abin da ya yi ajalinsu. Idan masu ta'aziyya sun watse, sai ta zauna a bakin tabarma ta yi ta tambaya. Ya yi zazzaɓi? Ya rame? Amsoshin ana tura su can nesa, a haɗa da na wasu ƙasashe, a gane cutar da ta fi ɓarna. An sha korarta, an taɓa sakar mata kare, wata tsohuwa kuwa ta riƙe ta har yamma don ta samu mai sauraronta.

Mijinta tela ne, ga barkwanci ga taurin kai. Likita yake ce mata don tsokana, alhali ko allura ba ta iya yi ba.

Ran nan aiki ya kai ta wurin wata mata da mijinta ya rasu. Ƙafafunsa sun kumbura? E. Yana haki in ya yi 'yar tafiya? E. Yana iya kwanciya a miƙe? A'a, a zaune yake barci, da matasai a bayansa.

"Mu duk mun ɗauka gajiya ce," in ji matar.

Nan take mijinta ya faɗo mata a rai. Ita da hannunta ta ƙara wa tela matashi makon jiya. Takalminsa ma ya daina shigarsa, ya sa almakashi ya tsaga shi yana dariya. Shekara da shekaru tana yi wa mutane waɗannan tambayoyin, amma na gidanta sun shige mata ta ƙarƙashin hanci. Tsoro ya kama ta, ga haushin kanta. Da ƙyar ta ƙarasa, ta yi sallama.

A shago ta same shi kan keken ɗinki, ya taka kaɗan ya tsaya ya ja numfashi, ya sake takawa.

"Likita, yau wa ya mutu a nan?" ya ce.

"Tashi mu je asibiti, baban yara."

"Da kayan mutane jibge haka? Tsufa ne kawai, ke ma yana nan tafe miki."

Ta durƙusa cikin ƙyallaye ta ɗaga ƙafar wandonsa, ta danna ƙwaurinsa da babban yatsa. Wurin ya loɓa kamar ƙullun fulawa, ya ƙi dawowa.

Ya janye ƙafar, dariyar ta ɗauke. "Da ƙafarsa yayana ya shiga asibitin nan, a kwance aka fito da shi. Ba inda zan je. Kin cika yawo gidajen makoki, shi ya sa kowa kika kalla gawa kike gani."

Maganar ta yi mata ciwo, amma ba ta tashi ba. Ta san halinsa, idan ta ɗaga murya an gama.

"A wurin aikinmu ba a tura mutum gidansa in shi aka yi wa rasuwa," ta ce a hankali. "Abokiyar aikina za su turo. Za ta zauna a ɗakinmu ta tambaye ni yaushe na fara ganin kumburin. Daga nan ta tambaye ni ko an kai ka asibiti. Faɗa min abin da zan ce mata."

Ya ƙura wa rigar da ke ƙarƙashin allura ido. Numfashinsa kaɗai ake ji a shagon. Can ya tsinke zaren, ya dafa teburi zai miƙe, ya koma ya zauna.

"Rufe tagar," ya ce. "Ki zo ki kama ni. Tun shekaranjiya ba na iya kaiwa bakin titi ni kaɗai."